Babban batir a cike, amma babur ya ƙi tashi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da babur mai amfani da lantarki. Na yi tafiya na bar shi a ajiye na wasu makonni, babban batirinsa kusan a cike. Da na dawo na murɗa makulli, sai allon gaba ya ɗan yi haske ya ɗauke. Ba hon, ba fitila. Na jona caja, ita ma ta ƙi ɗauka. Wani ya ce mini babban batir ne ya mutu, in tanadi kuɗi. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, dakata da tanadin kuɗin tukuna. Filin nan na waya da kwamfuta ne, amma tambayarka tamu ce, domin babur ɗinka ba ya motsawa sai kwamfutar cikinsa ta farka. Alamomin da ka lissafa kuwa sun fi kama da mutuwar ƙaramin batir mai bolt 12, wanda masu babur da yawa ba su ma san yana ciki ba. Manyan babura irin su Zero SR/F da LiveWire suna da shi, amma ƙanana da dama ba su da shi, saboda haka fara duba littafin babur ɗinka.

Ga dalilin da ya sa ɗan abu yake tsayar da babba. Wutar babban batir tana da haɗari, shi ya sa idan an kashe babur ake yanke ta da wani makunni mai suna kwantakta. Shi ne ƙarar "ƙas" da kake ji daƙiƙa kaɗan bayan murɗa makulli. Kwantakta ba ya haɗuwa sai an ba shi wuta bolt 12, kuma ƙaramin batir ne ke ba shi, shi ne kuma ke tayar da kwamfutar. Sai bayan ya haɗu ne na'urar da ke rage wutar babban batir za ta fara aiki, ta mayar wa ƙaramin abin da ya kashe, aikin da altaneta ke yi a mota. To idan ƙaramin ya zuƙe, kwantakta ba zai haɗu ba, na'urar ba za ta tashi ba, shi kuma ba zai samu caji ba. Sito cike da kaya, mai riƙe da makulli ya yi barci. A babura da yawa caja ma sai kwamfutar ta amince take fara aiki, abin da ya sa taka ta ƙi ɗauka ke nan.

Kafin ka sayi komai, nemi mitar gwajin wuta, ka saita ta a DC bolt 20, ka ɗora jar waya a kan ƙarfen ƙaramin batirin mai alamar + da baƙa a kan mai alamar −, babur a kashe. Idan batirin dalma ne, mai lafiya yana nuna 12.6 zuwa 12.8. Ƙasa da 12 ya zuƙe, ƙasa da 10.5 kuwa mai yiwuwa ya lalace. Na litiyam yakan nuna kusan 13.2 zuwa 13.4. Shi wannan yana da wani hali da ke rikita mutane: idan ya yi ƙasa ainun, allon tsaron cikinsa yana yanke wuta gaba ɗaya, mita ta nuna kusan sifili, alhali caja mai dacewa na iya farfaɗo da shi.

Kada ka ɗauke mitar, murɗa makulli kana kallonta. Batirin da ya nuna 12.5 sannan ya faɗi ƙasa da 10 da zarar an ɗora masa nauyi ya gama aiki, komai daɗewarsa a caji. Idan lambar ta tsaya daram amma allon bai kawo ba, koma kan fis da kawunan batir, ko sun yi tsatsa ko noti ya saki. Idan kuma allon ya kawo amma babur ya ƙi tafiya, duba jan makunnin da ke kan hannu da na jak ɗin gefe.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne gwajin bayan gyara, wanda aka fi tsallakewa. Da zarar babur ya tashi, sake aunawa: ya kamata lambar ta haura, tsakanin 13.5 da 14.4. In ba ta motsa ba, na'urar rage wuta ko fis ɗinta ne ke da laifi, kuma sabon batir zai bi sahun tsohon cikin 'yan kwanaki. Sannan ka binciki abin da ke tsotsar wuta a ɓoye, kamar ƙararrawar ɓarawo, na'urar bin sawu, ko ramin cajin waya da aka jona kai tsaye. Batir mai ƙarfin 3Ah, wato wanda zai iya ba da miliam (ƙaramin ma'aunin wuta) 3,000 na tsawon awa ɗaya, da ake zuƙar masa miliam 20 zai ƙare cikin awa 150, wato kwana shida da 'yan awanni.

Wayoyi masu launin ruwan lemu na babbar wuta ne. Kada hannunka ko sifana su kusance su, aikin mai horo ne.

Tambaya: Malam, zan iya jona ƙaramin batirin da batirin mota don babur ya tashi?

Amsa: Idan littafin babur ɗin bai hana ba, ana yi, amma injin motar a kashe, domin wutar altaneta na iya yin tsalle ta ƙona kwamfutar. Ni dai na fi son a cire batirin a caja shi daban: a fara kwance baƙar waya, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa. Kada a sa wa na litiyam cajar batirin dalma mai tsarin farfaɗo da tsohon batir, saboda tana harba wuta fiye da yadda zai ɗauka, kuma kada a caja shi a sanyin da ya kai ƙasa da digiri 0. Wajen sayen sabo, a nemi irin wanda aka cire, girma da nau'i, domin cajin da babur ke bayarwa an tsara shi ne don wannan nau'in.