Amsa: In namu ya yi laifi, rufa masa asiri za mu yi?

Malam ka tambaya wai in ɗan ƙungiyarku ya ci kuɗin wani, shin tona shi cin amanar tafiya ne. Ni dai a ganina a'a. Matsalarmu kenan wallahi, in bare ya yi mu ce ɓarawo, in namu ne sai a fara "ai kuskure ne, a rufa masa", to daga nan fa kowa a ƙungiyar ya gane akwai masu tare masa, gobe wani zai yi wanda ya fi wannan muni.

Hadisin nan na Bukhari ai ya raba gardama, aka ce taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumin, da aka tambaya ta yaya, Annabi (SAW) ya ce ka hana shi zaluncin. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ma har iyaye ta ambata wajen shaidar gaskiya, balle aboki.

Amma fa ban ce ku kai shi Facebook ba. Ku zaunar da shi ku biyu ko uku ya mayar da kuɗin, in ya ƙi sannan ku sanar da mai haƙƙin.