Zan Iya Cin Ramen A Tokyo Ba Tare Da Na Faɗa Kan Alade Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu gurbin kwas na wata uku a Tokyo. Abokan karatuna sun ce sai mun je wani shagon ramen, wato taliyar Japan mai romo, da ya yi suna, irin wanda ake bin layi kafin a shiga. Ni dai Indomie kawai na sani. Yaya ake saye, yaya ake ci, kuma in na ce a cire mini naman da ke sama, abincin ya halatta? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Bari mu fara da tambayarka ta ƙarshe, domin ita ce mai nauyi. Cire naman bai wadatar ba, ko kusa.

Wannan yankan naman da ake ɗorawa a sama, wanda suke kira chashu, kusan kullum na alade ne, amma shi ne mafi sauƙin gani. Abin da ke ɓoye ya fi shi yawa. Kafin taliya ta shiga kwano, mai dafawa yana zuba abu uku. Na farko ruwan ɗanɗano mai kauri da ake kira tare, ludayi ƙarami guda a ƙasan kwano. Na biyu mai, cokali ɗaya ko biyu. Na uku romo. Kowanne daga cikinsu alade na iya shiga. Shaguna da yawa suna haɗa tare ɗinsu ne da ruwan da aka dafa chashu a ciki, sannan ana sa masa giyar shinkafa da ake kira sake da kuma mirin, wadda ita ma giyar girki ce mai zaƙi. Man kuwa sau da yawa kitsen alade ne da aka narkar, wasu ma har su yayyafa fararen gutsattsarin kitsen baya a saman romon. Hatta ƙwan nan mai ruwan ƙasa da ake raba shi biyu, a cikin miyar waken suya da mirin yake kwana.

Sai romo. Za ka ji sunaye huɗu ana maimaitawa: shoyu, shio, miso da tonkotsu. A nan baƙi suka fi ruɗewa. Ukun farko sunan ɗanɗano ne kawai: shoyu miyar waken suya ce, irin ta Tokyo, shio gishiri ne, wanda garin Hakodate ya yi suna da shi, miso kuwa niƙaƙƙen waken suya ne da aka bari ya yi tsami, kusan ɗan'uwan daddawa, kuma Sapporo ce gidansa. Babu ɗaya a cikinsu da ya gaya maka ƙashin da aka dafa. Romon shio zai iya zuwa garau kamar ruwan shayi, yana ƙamshin kifi, alhali an haɗa shi da ƙashin alade. Tonkotsu ne kaɗai ya fito fili, don ma'anar kalmar ita ce ƙashin alade. Ana tafasa shi da wuta mai ƙarfi na awanni masu yawa har ɓargo da kitse su narke, romon ya yi fari ya yi kauri, kamar farfesun ƙafar saniya da ya daɗe a kan murhu. Shagunan Ichiran da Ippudo, waɗanda baƙi suka fi yi wa layi, duka daga Fukuoka suka fito kuma da tonkotsu suka yi suna. In ɗayansu abokanka ke nufi, ka san matsayinka tun daga gida.

Kada ka dogara da cewa za a canza maka a wurin. Tukunya ɗaya ce ko biyu, tun asuba ko tun jiya take kan wuta, ba za a dafa maka wata ba. Abin da ya dace shi ne ka zaɓi shagon tun kafin ka fita. Akwai shagunan ramen na halal a Japan, irin su Ayam-Ya da Honolu, waɗanda ke yin romon kaza. Mai kauri fari daga ƙashin kaza sunansa tori paitan, kuma shi ne ya fi kusa da abin da abokanka za su sha. Amma ka lura, ganin tori paitan a shagon da ba na halal ba bai isa hujja ba, saboda yankan kazar da kuma giyar da ke cikin ruwan ɗanɗanon nan na tare. A cikin tashar jirgin ƙasa ta Tokyo akwai T's Tantan, wanda ba ya sa nama ko kifi ko ƙwai sam, sai dai a irin waɗannan wurare ka tambayi batun giyar girki. Ƙananan shaguna kan rufe ko su ƙaura, don haka ka duba kafin ka hau jirgi, ko ka tambayi masallata a masallacin Tokyo Camii da ke unguwar Yoyogi-Uehara. Ka riƙe hoton waɗannan rubuce-rubuce a wayarka: 豚 alade, ラード kitsen alade, 酒 giya, みりん mirin. Tambayar baki kuwa ita ce "Buta wa haitte imasu ka?", wato akwai alade a ciki? Ka nuna romon da yatsa lokacin da kake tambaya, in ba haka ba za a ɗauka naman sama kake nufi.

To, yanzu yadda ake shiga. A shagon da ya yi suna za ka tarar da layi a jikin bango, shiru, ba turereniya. Ba a kama wa wani wuri. In ku huɗu ne, sai kun cika kafin ku shiga layin. Wasu shagunan suna raba lamba da safe su ce ka dawo ƙarfe kaza. Ma'aikaci zai fito ya tambayi yawanku, nuna yatsu ya isa. Kujeru sau da yawa ba su wuce takwas zuwa goma sha biyar ba, a jere a gaban kanta, saboda haka za a iya raba ku.

Kuɗi ana biya ne kafin a ci, a wata na'ura da ke bakin ƙofa. Ka fara sa kuɗi, maɓallai su kama wuta, sannan ka danna. Mutane da yawa kan tsaya suna dannawa ba su sa komai ba, layi na jiransu. Maɓallin sama na hagu galibi shi ne abincin da shagon ya yi suna da shi. Tikiti ƙarami zai faɗo, ka danna maɓallin canji, ka miƙa tikitin ga mai dafawa. Ka riƙe takardun yen 1,000 da sulalla, don yawancin na'urorin ba sa karɓar kati, wasu kuma ba sa karɓar yen 10,000. Japan ta fitar da sababbin takardun kuɗi a watan Yulin 2024, kuma akwai tsofaffin na'urori da ke dawo da su. In haka ta faru ka ce "sumimasen", wato gafara dai, ma'aikaci zai canza maka. Kwano ɗaya a Tokyo galibi yana tsakanin yen 900 da 1,500. Ba a ba da tukuici.

Taliyar kanta ta cancanci a yi magana a kanta. Garin alkama ne da ruwa da gishiri da kansui, ruwan sinadari mai kama da kanwarmu. Shi ke ba ta launin rawaya da danƙon da ake ji a haƙori. Indomie jikanyarta ce: Momofuku Ando ne ya ƙirƙiro taliyar leda a Japan a 1958, ta hanyar soya ta a mai don ta bushe. Ta shago kuwa ɗanya ce ake jefawa a tafasasshen ruwa bayan ka ba da tikiti, siririya ƙasa da minti ɗaya, mai kauri minti uku zuwa sama. Za a iya tambayarka taurin da kake so: katame mai ɗan tauri, futsu daidai, yawarakame mai laushi. A karon farko ka ce futsu.

Da kwanon ya sauka, ka fara ci. Taliya na ci gaba da dahuwa a cikin romo mai zafi, tana shan ruwa tana kumbura, bayan minti goma ta fara caɓewa. Shi ya sa ba a hira a shagon ramen, kuma ba a jiran na kusa a kawo nasa. Ka fara kurɓar romon da cokalin tangaran kafin ka ƙara yaji ko tafarnuwa. Ka ɗauko taliya kaɗan da tsinkayen cin abinci, sili biyar ko shida, ka sunkuya kusa da kwano ka zuƙe ta tare da iska. Ƙarar da za ka ji daga kowane ɓangare ba rashin ɗa'a ba ne a wurinsu, iskar ce ke sanyaya ta. In ka kwaso da yawa za ka ƙone baki, romo ya fantsama a riga. In da fararen kaya ka je, ka nemi rigar takarda ta ɗaurawa a wuya, kami epuron, shaguna da yawa suna da ita. Kada ka soke tsinkayen a tsaye cikin abinci, don al'adar jana'izarsu ce.

In shagon na yin ƙarin taliya, wato kaedama, ka nema tun da sauran kaɗan a kwanonka, kuma ka rage romo, domin taliya zalla za a kawo. Ba dole ne ka shanye romon ba. Kwano ɗaya kan kai giram 6 na gishiri, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, kuma mafi yawansa a romon yake. Mai hawan jini ya ci taliyar ya bar ruwan.

Da ka gama, ka duba abin da na kusa da kai ya yi. A wurare da yawa ana ɗaga kwano a ɗora a saman kanta, a goge wurin da tsumman da aka ajiye, a ce "gochisosama deshita", wato na gode da abinci, a tashi. Minti goma sha biyar zuwa ashirin ne zaman gaba ɗaya.

Abu ɗaya game da abokanka. A irin waɗannan shaguna ka'idar ita ce kowace kujera da kwanonta, ba za ka iya raka su ka zauna da kofin ruwa ba. In sun nace sai shagon tonkotsu, ku sa wurin haɗuwa bayan sun fito, ko ka ba su shawarar ku je na halal tare, tunda romon kaza kowa zai iya sha.