Me ya sa jiha ɗungurungum ke zaɓen sanata guda a Amurka?

Tambaya: Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto yana cewa: "Malam, a nan gida kowace jiha sanata uku gare ta, kowa da shiyyarsa. Amma na ji a Amurka jiha gaba ɗaya ce ke jefa ƙuri'a a kan kujerar sanata guda. Yaya abin yake? Kuma zagaye na biyun da aka yi ta yi a Jojiya, shi ne inkwankulusib ɗinmu?"

Amsa: To Malam, abin da ka ji haka yake. A Najeriya sanatoci 109 ne: uku-uku daga jihohi 36, sai guda na Abuja. Mutumin Bichi yana zaɓen sanatan Kano ta Arewa, babu ruwansa da na Kano ta Kudu. A Amurka kuwa sanatoci 100 ne, biyu-biyu daga jihohi 50, kuma babu shiyya. Kowane ɗayansu jihar ce kacokan mazaɓarsa. In kana neman misali a gida, dubi kujerar Abuja, wadda ɗan Maitama da manomin Abaji ke haɗuwa a kanta.

Tushen abin yana taron Filadelfiya na 1787, inda aka rubuta tsarin mulki. Manyan jihohi suka ce a raba kujeru bisa yawan jama'a, ƙanana suka ce ba su san zancen ba. Da ƙyar aka raba gardama: majalisar wakilai ta bi yawan mutane, ta dattawa kuma ta daidaita kowa. Shi ya sa yau Kalifoniya mai mutum kusan miliyan 39 take da sanata biyu, Wayomin da ba ta kai dubu 600 ba ita ma biyu. Jiha sanata yake wakilta, don haka ba a yanka masa wani yanki daga cikinta.

Da farko ma ba talakawa ke zaɓensu ba, majalisun jihohi ne. Tsarin ya zo da cin hanci da kiki-kaka, har jihar Delawe ta zauna daga 1901 zuwa 1903 babu sanata ko ɗaya saboda 'yan majalisarta sun kasa daidaitawa. Gyaran tsarin mulki na 17, a 1913, shi ya miƙa zaɓen hannun jama'a.

Wa'adin sanata shekara shida ne, kuma an kasa kujerun kashi uku, duk shekara biyu a zaɓi kashi ɗaya. Saboda haka sanatoci biyun jiha ba sa fitowa takara lokaci guda sai in wani dalili ya gitta.

A ganina babban amfanin wannan tsari shi ne babu mai iya yi masa wasa da taswira. Kujeru 435 na majalisar wakilai ana sake zana iyakokinsu bayan ƙidayar kowace shekara goma, kuma a jihohi da yawa jam'iyyar da ke riƙe da majalisar jiha takan zana su yadda za ta ci ribarsu. Iyakar jiha kuwa tana nan inda take. Mai neman sanata a Jojiya dole ya nemi ƙuri'ar birnin Atlanta da unguwannin da ke kewaye da shi, ya kuma leƙa ƙauyukan kudu masu noman gyaɗa da auduga, a jiha mai gundumomi 159. Illarsa kuma kuɗi: tallar talabijin da za ta karaɗe jiha guda ba aikin mai ƙaramin aljihu ba ne.

Yanzu ga batun zagaye na biyu. Ba inkwankulusib ba ne. Namu yana zuwa ne idan an soke zaɓe a wasu rumfuna, kuma masu ƙuri'ar wuraren sun fi tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu, sai INEC ta koma waɗannan rumfunan kaɗai. A Jojiya ba a soke komai ba. Dokar jihar ce ta ce sai ɗan takara ya haura kashi 50 cikin 100, in babu wanda ya haura, biyun farko su sake karawa a faɗin jihar. Kuma ka lura, dokar Jojiya ce, ba ta tarayya ba. A yawancin jihohi wanda ya fi ƙuri'a ya ci, ko da bai kai rabi ba, kamar yadda ake yi a zaɓen sanata a nan.

Dubi yadda ta kaya a Nuwamba 2020. Sanata David Perdue na Rifablikan ya samu kashi 49.7, Jon Ossoff na Dimokurat ya samu 47.9, ɗan wata ƙaramar jam'iyya ya kwashe sauran. Da a Najeriya ne, da tuni Perdue ya karɓi takardar shaidar cin zaɓe ana ta kiɗa a gidansa. Ɗan abin da ya rage masa bai kai rabin kashi ɗaya ba. Aka koma rumfa ranar 5 ga Janairu 2021, Ossoff mai shekara 33 ya kayar da shi da ƙuri'a kimanin dubu 55.

Dalilin da na ce yakan gitta, a wannan shekarar ya gitta. Ɗaya sanatan jihar, Johnny Isakson, ya ajiye aiki a ƙarshen 2019 saboda rashin lafiya. A nan gida INEC ce za ta shirya zaɓen cike gurbi, kujera ta zauna babu kowa kafin nan. Can kuwa yawancin jihohi gwamna ke naɗa mai riƙon ƙwarya, sai Gwamna Brian Kemp ya naɗa Kelly Loeffler ta Rifablikan. Ita ma zaɓenta ya kai zagaye na biyu a rana ɗaya da na Perdue, kuma Raphael Warnock na Dimokurat ya kayar da ita. Warnock fasto ne a cocin Ebenezer da ke Atlanta, inda Martin Luther King ya yi wa'azi, kuma shi ne baƙar fata na farko da Jojiya ta tura majalisar dattawa. Da waɗannan kujeru biyu majalisar ta koma 50 da 50 tsakanin ɓangaren Dimokurat da na Rifablikan, Mataimakiyar Shugaban Ƙasa ta wancan lokacin, Kamala Harris ta Dimokurat, ta zama mai raba gardama.

Tun da sauran wa'adin Isakson kawai Warnock ya gada, sai da ya sake fitowa a 2022, ya kara da Herschel Walker, tsohon tauraron ƙwallon Amurka. Nan ma babu wanda ya kai rabi, sai 6 ga Disamba ya yi nasara da kashi 51 da ɗoriya. Wato sau huɗu ya tsaya gaban mutanen jihar a cikin shekara biyu da wata guda, ban da zaɓen fid da gwani. A wannan zaɓen na Nuwamba 2022 Kemp ya koma kujerar gwamna cikin sauƙi, Walker ɗan jam'iyyarsu kuma ya zo na biyu. Dubban mutane sun dangwala wa gwamnan Rifablikan, suka ƙi ɗan takarar sanatansa. "Sak" ba ta ci kasuwa ba ke nan.

Dokar zagaye na biyun kanta tana da tarihi mara daɗi. A shekarun 1960 aka kafa ta, bayan Kotun Ƙoli ta rushe tsohon tsarin jihar da ke fifita ƙuri'ar gundumomin karkara a kan ta birane. Ɗan majalisar jiha Denmark Groover, wanda ya tsaya mata, mai goyon bayan wariyar launin fata ne, kuma manufar ita ce kada baƙaƙen fata su dunƙule wuri guda su ci zaɓe yayin da ƙuri'ar fararen ta rabu. Sai ga shi sau biyu a zagaye na biyun Warnock ya tabbatar da kujerarsa. Bayan zaɓen 2021 majalisar jihar ta rage tazarar da ke tsakanin zagayen biyu daga mako tara zuwa huɗu, amma ta bar sharaɗin haura rabi yadda yake.