Petra da Wadi Rum a Kwana Huɗu: Zai Yiwu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da mai ɗakina za mu je Jordan, kwana huɗu ne kacal a hannunmu. Muna son ganin kufan Petra, mu kuma kwana a tantin Larabawan hamada a Wadi Rum. Lokacin zai isa? Babu haɗari a kwanan daji? Sannan wani ya ce mini Petra garin Samudawa ne da aka halaka.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zai isa, muddin ba ku ƙara wasu wuraren a kai ba. Daga Amman zuwa Wadi Musa, garin da ke bakin Petra, tafiyar kusan awa 3 ce a mota. Daga can zuwa Wadi Rum ba ta wuce awa 2 ba. Ku ba Petra kwana biyu, hamada ɗaya, na ƙarshe na komawa. Biza kuwa a nema tun daga gida, kada a dogara da samunta a filin jirgi.

Batun Samudawa, an haɗa wurare biyu ne. Wurin da ake dangantawa da mutanen Annabi Salihu (AS) shi ne Hijr, wato Mada'in Salih, kusa da Al-Ula a Saudiyya. Petra hedikwatar Nabatawa ce, Larabawa fatake da suka yi arziki da safarar turare da kayan ƙamshi, har Rumawa suka haɗe daularsu a shekara ta 106 Miladiyya. Abin da ke kawo ruɗani shi ne kaburburan da ake gani a Hijr ma Nabatawan ne suka sassaƙa, shi ya sa hotunan suke kama da juna. Hukuncin ziyara kuma na malamai ne.

Petra ƙafa take ci. Za ku bi ta wata tsaga da ake kira Siq, mai tsawon fiye da kilomita 1, duwatsu sun yi muku katanga dama da hagu. Ku riƙa kallon gindin bangon: akwai magudanar ruwa da aka fafe a jikin dutse, wadda da ita da madatsun ruwa Nabatawa suka rayar da birni a ƙasar da ruwan sama bai taka kara ya karya ba. A ganina wannan ya fi Khazna, ginin da aka sassaƙa a jikin dutse a ƙarshen Siq, ban mamaki, duk da Khazna ce kowa ke ɗauka hoto, da tsayinta na kusan mita 40. Ad-Deir, wani babban ginin da shi ma aka sassaƙa a dutse, yana can sama, sai an hau matakala wajen 800. A tafi da sassafe. Masu jakuna za su yi ta binku, to a gama ciniki kafin a hau. In aka ce an rufe saboda hadari, kada ku yi musu: ambaliya ta kashe mutum fiye da 20 a cikin Siq a 1963, ta kuma sa an kwashe dubban baƙi a Nuwamban 2018.

Wadi Rum kuwa, abin tsoro ba mutane ba ne, sanyi ne. Yanki ne da hukuma ke kula da shi, yana cikin jerin wuraren gadon duniya na hukumar UNESCO tun 2011, kuma mutanen wurin, irin su ƙabilar Zalabiya, da baƙi suke ci. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu sanyin dare kan kai ga daskarar da ruwa, hunturun Kano wasa ne a kansa. Maris zuwa Mayu, ko Satumba zuwa Nuwamba, su ne daidai. Ko a lokacin a riƙe rigar sanyi da safa.

Da yamma za a zaga da ku a bayan a-kori-kura, a tsaya a kwazazzabon Khazali ku ga rubuce-rubucen mutanen da a jikin dutse. Da dare sai zarb: nama da kaza da kayan lambu a jere kan tire hawa-hawa, an zura su cikin rami kan garwashi an binne. A gabanku za a share rairayi da shebur, a ɗaga murfi, tururi ya turnuƙe. Shayi kuma ba ya yankewa, mai zaƙin gaske.

Sai dai kada sunan "tantin Badawi", wato na Larabawan hamada, ya ruɗe ku. Yawancinsu sansanin baƙi ne da gado da janareta, wasu har da kiɗa zuwa tsakar dare. Tunda da iyali za ka, tambayi abu uku kafin ka biya: tantin naku ne ku kaɗai, banɗaki a ciki yake ko na haɗaka, kuma kuɗin ya haɗa da abinci da motar ɗauko ku daga ƙauyen Rum? A riƙe tsabar dinari, don ba ko'ina ake karɓar kati ba, sabis ɗin waya ma yakan ɗauke.