Tambaya da Amsa: Bayan rushe jam'iyyu, ina makomar aikin rassan mata?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai sana'ar hatsi a birnin Tawa, kuma na daɗe ina riƙe da asusun reshen mata na wata jam'iyya a unguwarmu. Mu ne ke bi gida-gida muna tara mata idan za a yi gangami, mu raba zanen jam'iyya, mu ɗora tukwane, mu rangaɗa guɗa idan manya suka iso daga Yamai, ranar zaɓe kuma tun da asuba mu ke raka tsofaffi zuwa runfar jefa ƙuri'a. Amma duk sanda aka zo tsara sunayen ƴan takara, sai dai mu ji labari bayan an gama. Yanzu an rushe jam'iyyu, matan da muke tare kowa ta kama gabanta, ɗiyata kuma da ke karatu a jami'a ta tambaye ni ko akwai wani haƙƙi guda da wahalarmu ta samo wa mata. Na rasa amsar da zan ba ta. Shin rassan mata na jam'iyyu sun taɓa tsinana wa mata wani abu? Me kuma ya rage mana mu yi?

Wata uwa daga Tawa

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Tambayar ɗiyarki tana kan hanya, kuma akwai amsar da za ki ba ta ba tare da kin sunkuyar da kai ba, ko da yake amsar tana da ɓangaren da bai da daɗin ji.

Ki fara mata da ranar 13 ga watan Mayu 1991. A lokacin ana shirin babban taron ƙasa, an kafa kwamitin share fage mai mutum 68, mace ɗaya tak aka saka a ciki. Matan Yamai, ma'aikata da ɗalibai da ƴan kasuwa da matan gida, suka fito kan titi suka nufi ofishin firaminista, ba su kuma watse ba sai da maganarsu ta shiga kunne, aka ƙara mata biyar a kwamitin. Wannan ne asalin ranar matan Nijar da ake biki duk shekara. Na fara da ita ne domin ta nuna yadda al'amarin yake tafiya tun daga tushe: abin da mata suka samu a siyasar ƙasar nan, sun same shi ne a lokutan da suka ajiye bambancin jam'iyya suka nemi abu guda da murya guda. Kafin wannan rana akwai ƙungiyar matan Nijar ta AFN da aka kafa a 1975 zamanin Seyni Kountché, an kuma naɗa mace ta farko a gwamnati, Moumouni Aïssata, a 1987, amma waɗannan daga sama suka sauko. Tattakin 1991 daga matan kansu ya taso.

Babbar ribar da za ki nuna mata ita ce dokar kaso, wadda aka fi sani da kota. A zaɓen 1999, cikin ƴan majalisar dokoki 83 mace ɗaya ce, Hajiya Aïssata Mounkaïla. A ranar 7 ga watan Yuni 2000 aka sa hannu kan dokar da ta wajabta cewa kowane jinsi, maza ko mata, kada ya gaza kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe da kashi 25 cikin 100 na manyan muƙaman naɗi. A zaɓen 2004 sai ga mata 14 cikin ƴan majalisa 113, kuma a shekarar ce aka yi zaɓen ƙananan hukumomi wanda ya shigar da ɗaruruwan mata majalisun garuruwansu a matsayin konseye. An ɗaga kason kujerun zaɓe zuwa kashi 15 a 2014, sannan a watan Disamba 2019 aka kai shi kashi 25, na naɗi kuma kashi 30. Ƙungiyoyin mata masu zaman kansu irin su CONGAFEN da RDFN sun yi ta matsa lamba daga waje, amma doka ba ta wucewa a majalisa sai shugabannin jam'iyyu sun ba wakilansu umurni, kuma wanda ke iya shiga ɗakin shugaban jam'iyya ya tuna masa cewa mata ne ke cika masa fili, su ne ke tsayuwa a layi cikin rana, shi ne reshen matan jam'iyyarsa. Manyan jam'iyyu duk sun kafa irin wannan reshe, kamar ƙungiyar OFT ta matan PNDS Tarayya wadda mutanen jahar Tawa suka sani sarai. Ƙarfin bakin shugabar mata ta ƙasa a gaban manyan jam'iyya daga gida-gidan da irinku kuka bi yake fitowa. Saboda haka idan ɗiyarki ta ga mace a kujerar depite ko ta magajin gari, da guminki a ciki.

Akwai kuma aikin da ba a cika lissafa shi ba, ni kuwa ina ganin ya fi zane da gangami daraja nesa ba kusa ba. Macen ƙauye da ba ta da takardar haihuwa ba ta da katin ɗan ƙasa, ba ta iya buɗe asusu a banki, da wuya kuma ta tsaya gaban alƙali ta kare abin da yake nata. Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, matan jam'iyyu kan tara ƴan'uwansu su kai su inda alƙalai ke zaman bayar da takardun haihuwa ga waɗanda ba a yi wa rajista ba. Jam'iyya ƙuri'a take nema da wannan, babu shakka, amma takardar tana nan a ƙasan akwatin matar bayan an manta da zaɓen.

Ga ɓangaren da bai da daɗi. Ƙorafin da kika yi na tsara sunaye bayan idonku shi ne ainihin raunin rassan mata a kusan kowace jam'iyya. An ba su aikin tara jama'a, an hana su wurin yanke shawara. Kuɗin ajiya na takara da kuɗin yaƙin neman zaɓe suna hannun manyan ƴan kasuwa da jiga-jigan jam'iyya, waɗanda galibinsu maza ne, shi ya sa mace kan samu kanta a ƙarshen jeri, ko a matsayin sufuleyan da ke jiran mai kujera ya zama minista kafin ta shiga majalisa. Mariama Bayard Gamatié, wadda tana cikin jagororin tattakin 1991, ta zama mace ta farko da ta tsaya takarar shugaban ƙasa a 2011, amma ba a ƙarƙashin wata babbar jam'iyya ba, kuma ƙuri'un da ta samu ba su kai kashi 1 cikin 100 ba.

Inda raunin ya fi fitowa fili shi ne batutuwan da suka shafi zaman iyali. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariya ga mata a 1999, amma ta ware sassan da suka taɓa aure da gado ta ce ba su hau kanta ba. A watan Yuni 2006 majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo ta Tarayyar Afirka kan haƙƙin mata, alhali da mata zaune a zauren. Kundin dokokin iyali da aka yi ta tsarawa tun shekarun 1970 bai taɓa zama doka ba, an sake gwadawa wajen 2011 aka janye. A nan dole a faɗi gaskiya ta fuska biyu. Akwai sassan waɗannan takardu da malamai da ɗimbin mata musulmi suka ƙi da zuciya ɗaya saboda suna ganin sun saɓa wa addini, kuma wannan ƙin ba abin rainawa ba ne. Amma akwai abubuwan da addini da kansa ya ba mace, kamar rabonta na gado, ciyar da ƴaƴa bayan saki, da neman yardarta kafin a ɗaura mata aure, waɗanda al'ada ke dannewa kullum, rassan mata kuma suka yi shiru a kansu saboda jam'iyya na tsoron ɓata wa masu ƙuri'a rai. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na ƴan matan ƙasar nan ana aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kuma kafin shekara 15. Dokar da gwamnati ta fitar a watan Disamba 2017 don kare ƴa mace mai karatu mataki ne mai kyau, sai dai amfaninta ya dogara ga a samu wanda zai je gidan uba ya zauna da shi kafin a karɓi sadaki, kuma ba na ganin wanda ya fi ku iya wannan zama.

Ki dubi Adar ɗinku ma. Da an cire amfanin gona, maza kan tafi bida Libiya ko Abijan ko Najeriya, gida ya rage a wuyan mace. A aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka fara a 1984, mata ne suka fi yawa a cikin masu ɗaukar duwatsu a ka suna jera su a kan fako har ƙasar da ta mutu ta koma ba da hatsi. Amma idan aka zo rubuta takardar gona a gaban kwamitin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, sunan wa ake sawa? Sau nawa aka ji reshen matan wata jam'iyya ya tsaya kai da fata a kan gonar bazawara ko ta marainiya? A yankin Konni ne aka sayar da Hadijatou Mani a matsayin wahaya, wato baiwar da ake ajiyewa kamar mata ta biyar, tana yarinya, kuma ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ce ta tsaya mata har kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta ba ta gaskiya a watan Oktoba 2008, ta umurci gwamnati ta biya ta diyyar sefa miliyan 10. Wannan shari'a ce da ta kamata a ce matan jam'iyyu sun cika harabar kotu dominta.

Game da abin yi yanzu, an dakatar da ayyukan jam'iyyu tun bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli 2023, aka rushe majalisun ƙananan hukumomi a 2024, sannan aka rushe jam'iyyun kansu a watan Maris 2025. Shawarata ita ce kada ki yi wani taro da sunan jam'iyyar da doka ta soke, domin kada ki jawo wa kanki da matan da suka amince da ke matsala. Abin da ba a rushe ba shi ne sanin da kika yi wa kowane gida a unguwarku, da amanar da ta sa aka damƙa miki asusu. Ki tara matan nan, har da waɗanda a da kuke hamayya da su, ku kafa ƙungiya mai takardar izini, ko ku shiga tsarin Mata Masu Dubara, na adashe da ba juna rance, da aka fara a jahar Maraɗi a 1991, wanda mata da yawa suka koyi magana a bainar jama'a da riƙon lissafi a cikinsa kafin su zama konseye. Ku zaɓi aiki ɗaya ko biyu da za ku iya gani da ido: takardun haihuwa ga ƴaƴan unguwa, bin sawun ƴan matan da suka daina zuwa makaranta, ko raka bazawara gaban sarki ko alƙali a kan gadonta. Ku nemi malamin da jama'a ke girmamawa ya riƙa zama da ku, domin maganar gado da ta aure ta fi shiga idan ta fito da hujja daga littafi. Duk ranar da aka buɗe muhawara a kan sabbin dokokin zaɓe da na jam'iyyu, ku kasance da buƙata a rubuce: kada kason 2019 ya ragu, kuma a wajabta wa kowace jam'iyya sanya mata a kwamitin da ke tsara sunayen ƴan takara. Ɗiyarki mai karatun jami'a ita ce za ta rubuta muku wannan takarda.

TAMBAYA

Ni malamin makaranta ne a Yamai. Ba na adawa da shigar mata siyasa, amma ina ganin dokar kota matan manya da ƙannensu kawai ta amfana, ba matan talakawa ba. Ashe bai fi kyau a bar cancanta ta yi aikinta ba?

Wani malami daga Yamai

AMSA

Malam, abin da ka lura da shi yana faruwa, kuma matan da suka yi wa jam'iyyu bauta a unguwanni sun fi kowa jin zafinsa. Sai dai ɗora ɗan'uwa ko na kusa a kan jerin takara ba da dokar kota ya fara ba, an daɗe ana yi wa maza ƴaƴan manya haka ba tare da kowa ya ce a daina tsayar da maza ba. Mun kuma ga abin da barin cancanta ita kaɗai ya haifar a 1999, mace ɗaya cikin 83, a ƙasar da a shekarar nan Aïchatou Mindaoudou ke riƙe da ma'aikatar harkokin waje, ga alƙalai da likitoci da malamai mata suna aiki a ko'ina. Matsalar tana wurin wanda ke riƙe da alƙalamin rubuta sunaye. Idan aka wajabta cewa matan reshe a kowace gunduma su ne za su zaɓi ƴar takararsu ta hanyar ƙuri'a, aka kuma sassauta kuɗin ajiya ga jerin da ya sa mace a gaba, ƴar kasuwa da malamar makaranta irin abokan aikinka za su samu hanyar shiga. A ajinka ma akwai abin da za ka iya yi tun daga wannan zango: idan za a zaɓi shugabannin ɗalibai, ka tabbata ƴan mata sun tsaya takara, sun kuma tashi sun yi wa ajin bayani da bakinsu kafin a jefa ƙuri'a.