Amsa ga ɗan'uwan da ke shirin shiga makarantar tauhidi: sujada ce ko jarrabawa?

Salama a gare ka, ƙanena, da sauran 'yan'uwa baki ɗaya. Na karanta tambayarka, inda ka ce ikilisiyarku ta amince ta tura ka makarantar tauhidi ta Baptis, kuma ka ji cewa halartar taro a ɗakin sujadar makaranta wajibi ne, har ma akan sa ɗalibi ya hau mumbari ya yi wa'azi malamai suna zaune suna ba shi maki. Ka tambaya ko wannan sujada ce ta gaskiya ko jarrabawa ce kawai, sannan ka ce gabanka yana faɗuwa domin a ƙauye ka tashi, Turancinka bai yi ƙarfi ba. Ni ma ɗan ƙauye ne daga kudancin Kano, na bi ta irin wannan makaranta, yanzu kuma ina kiwon wata ƙaramar ikilisiya ta manoma a yankin Sumaila, saboda haka abin da na gani da idona shi zan gaya maka.

Kafin mu zo kan maganar tsoro, ya kamata ka san abin da ya sa makarantunmu suka ɗauki wannan taro da nauyi haka. Idan ka shiga yawancin majami'un Baptis, za ka tarar da mumbari a gaba, a tsakiya, inda idon kowa zai sauka a kansa, domin a wurinmu karanta Maganar Allah da bayyana ta su ne ginshiƙin sujada. Ba mu da littafin addu'o'i da aka wajabta wa kowace ikilisiya ta bi kalma bayan kalma, kuma kowace ikilisiya ita ke tafiyar da al'amuranta, ita ke kiran fastonta. Wannan 'yanci yana da daɗi, amma yana ɗora wa fasto kaya mai nauyi, domin zaɓen nassi, da waƙoƙi, da tsarin addu'a, da yadda za a raba Jibin Ubangiji, duk a wuyansa suke tare da dikinoni. Wanda bai taɓa zama cikin sujada mai tsari ba, abin da ya faɗo masa a rai kawai zai riƙa yi wa jama'a. Ka lura cewa makarantar tauhidi ta Baptis da ke Ogbomosho, wadda aka fara a 1898, ta riga babban taron Baptis na Najeriya kafuwa, domin shi sai a 1914 ya samu. Tun farko horar da mai wa'azi aka sa a gaba, kuma dalilin ke nan da ya sa daga baya aka buɗe ta Kawo a Kaduna domin ma'aikatan Arewa.

A makarantar da na yi, kararrawa ce take tara mu, a bar azuzuwa da ofisoshi, malamai da ɗalibai da matan ɗalibai duk a hallara. Ɗalibi guda ya jagoranci sujada, wani ya karanta nassi, a rera waƙa ɗaya ko biyu, a yi addu'a domin marasa lafiya da waɗanda suka fita aikin bishara, sannan mai wa'azi ya tashi. Wata rana malami ne, wata rana baƙon fasto, wata rana kuwa ɗalibin shekarar ƙarshe. Lokaci ƙayyadadde ne, domin darasi yana jira, kuma wannan ƙayyadewa ita kanta horo ce ga mu da muka saba a ƙauye mai magana ba ya sauka sai ya gaji.

Ga abin da na fi so ka riƙe a cikin duk amsar nan. Shekarun da za ka yi kana zama a kan benci a ɗakin sujadar nan, mai yiwuwa su ne na ƙarshe a rayuwarka da za ka riƙa jin wa'azi daga bakin wani a kai a kai. Ranar da ka dawo ƙauye aka ɗora maka ikilisiya, kai ne mai wa'azin safiyar Lahadi, kai ne mai koyar da nazarin Littafi Mai Tsarki a tsakiyar mako, kai ne a wurin suna, kai ne a wurin ɗaurin aure, kai ne a bakin kabari. Fasto mafi kusa da kai yana iya kasancewa a wata unguwa mai nisa, shi ma yana fama da nasa garken, kuma idan damina ta sauka hanya ta yanke, sai a yi makonni ba ku ga juna ba. Kowa zai zo wurinka neman ta'aziyya, amma da wuya wani ya buɗe Littafi ya yi maka gargaɗi kai kanka. Manomi ya san cewa abin da ya zuba a rumbu da kaka shi zai ci da bazara, to ɗakin sujadar makaranta shi ne kakarka. Har yau akwai ranakun da nake fitowa daga gidan makoki jikina a sanyaye, abin da ke ɗaga ni kuwa wani wa'azi ne da na ji a kan bencin nan daga Zabura ta 23, daga bakin wani malami da bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya.

Haɗarin da nake so ka guje masa yana zuwa ne daidai lokacin da kuka fara darasin shirya wa'azi. Da zarar ɗalibi ya koyi abin da ake kira gabatarwa, da rarraba kan magana, da kammalawa, sai kunnensa ya canja. Ya zauna a ɗakin sujada yana ƙirga kurakuran mai magana, ana fitowa kuma a tsaya a gindin bishiya ana cewa wane bai tsaya a kan nassi ba, wane ya karya Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi. Na ga ɗalibai masu kaifin ƙwaƙwalwa da wannan hali ya busar da zuciyarsu kafin su gama karatu, suka fita da takardar shaida mai kyau amma ba sa iya sunkuyar da kai a ƙarƙashin maganar kowa. Ezra 7:10 ya jera abin daki-daki: Ezra ya sa zuciyarsa ga nazarin shari'ar Ubangiji, da aikata ta, sannan koyar da ita. Bulus ma a 1 Timoti 4:16 ya fara ce wa Timoti ya lura da kansa kafin ya ambaci koyarwarsa. Ko da wa'azin ɗan'uwanka ya yi rauni, nassin da ya karanta bai yi rauni ba, kuma kai aka karanta wa.

Game da ko sujada ce ko jarrabawa, gaskiyar magana ita ce ranar da ɗalibi ya hau mumbari, duka biyun ne, kuma ban ga laifin hakan ba. Yaƙub 3:1 ya gargaɗe mu cewa masu koyarwa za a yi musu shari'a mafi tsanani, to gara malamin da ke ƙaunarka ya gyara ka yau da ka je ka shekara talatin kana ciyar da jama'a abin da bai nuna ba. Wannan al'ada ba sabuwa ba ce a cikin Baptis. Charles Spurgeon, wanda ya kafa makarantar horar da fastoci a Landan a 1856, yakan zauna da ɗalibansa ranar Juma'a da rana yana yi musu magana a kan murya, da addu'a a gaban jama'a, da zaɓen nassi, da halin mai wa'azi kansa. Abin da ke ɓata lamarin shi ne idan ɗalibi ya shirya wa'azinsa domin mai riƙe da biro a bencin baya, ya manta da sauran mutanen da ke zaune. A cikin ɗakin nan akwai wanda bai biya kuɗin makaranta ba kuma bai san inda zai samo ba, akwai wadda ta bar yaro ba lafiya a ɗaki, akwai wanda aka ƙona majami'arsu ya zo karatu da ciwon a ransa. Su ne ikilisiyarka a ranar, su za ka yi wa magana.

Na tuna wani abokin karatunmu da ya yi wa'azi a kan misalin mai shuka a Markus sura 4. Ya kawo kalmomin Helenanci, ya ambaci manyan masana, muka fito muna yaba masa. Da aka shiga aji domin gyara, wani dattijon malami bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur, ya tambaye shi ko mahaifiyarsa tana noma. Ya ce tana yi. Malamin ya ce, to da a ce tana zaune a bencin gaba, me za ta ɗauka ta kai gida? Ajin ya yi tsit. Ɗan manomi ne da ya san yadda iri ke faɗawa a kan fako tsuntsaye su tsince, ya san yadda ƙuduji ke shaƙe dawa, amma bai kawo ko ɗaya ba, domin yana ganin abin ƙauye bai cancanci mumbarin makaranta ba.

Wannan ya kawo ni kan tsoron da kake ji game da Turanci. Da yake ɗalibai daga kabilu daban-daban suke zuwa, sau da yawa da Turanci ake gudanar da taron, don haka ka dage ka koya, kada ka yi wasa da shi, littattafan da za ka karanta ma galibinsu da shi aka rubuta. Amma kada ka ɗauka yawan manyan kalmomi shi ne wa'azi. Bulus ya ce a 1 Korintiyawa 14:19 ya fi so ya faɗi kalmomi biyar da za su koyar da jama'a da ya faɗi dubu goma da ba a fahimta. Shawarata ita ce ka fara zama da nassin a Littafi Mai Tsarki na Hausa, ka karanta shi da ƙarfi har ya zauna maka, ka faɗa wa kanka da Hausa abu guda da nassin ke cewa a cikin jimla ɗaya. Idan ka kasa faɗarsa da Hausa, to ba ka gane shi ba tukuna, Turanci kuma ba zai rufa maka asiri ba. Bayan haka sai ka rubuta shi da Turanci mai sauƙi, ka nemi wani ɗan'uwa ya saurare ka tun kafin ranar. Malaman kirki sun fi damuwa da ko ka tsaya a kan nassi fiye da yadda harshenka ke lanƙwasa kalmomi.

Akwai kuma ɓangaren da ɗalibai kan rena, wato jagorancin sujada, da karanta nassi, da addu'a. Kowa yana jiran ranar wa'azinsa, amma idan aka ba shi karatu sai ya tashi ba shiri yana tuntuɓe a kan sunaye. A ƙauyukanmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito tun 1932, aka sake fassara shi a 1979, amma har yanzu da yawa daga cikin tsofaffinmu ba sa karatu, abin da suka ji ranar Lahadi shi ne rabonsu na mako. A Nehemiya sura 8, Ezra ya tsaya a kan dakalin katako yana karanta shari'a tun da safe har tsakar rana, Lawiyawa kuma suna bayyana wa jama'a ma'anar domin su gane. Aikinka ke nan a ƙauye. Akwai Lahadin da ruwa yake dukan kwanon rufi har ba a jin muryar kowa, babu lasifika, mutane sun zo da gajiyar noma, sai ka rufe takardar wa'azinka, ka ɗauko Littafin Waƙoƙi, 'yan zumuntar mata su buga tulu da ganga a yi ta rerawa har ruwan ya tsagaita, sannan ka karanta nassi a hankali, ka faɗi abu gudan nan da ka shirya. Sanin waƙar da ta dace da nassi, da sanin lokacin da za ka taƙaita, a ɗakin sujadar makaranta ake koyonsu, ta wurin lura da waɗanda suka iya.

Saboda haka ka tafi da Littafi Mai Tsarki na Hausa da Littafin Waƙoƙi tare da na Turanci, kuma ka ware littafin rubutu guda domin ɗakin sujada kaɗai, dabam da na aji, kana rubuta nassi da waƙar da aka haɗa shi da ita da abin da ya taɓa ka. Idan da iyali za ka tafi, ka tabbata uwargida tana zuwa, domin ita ma mata za su kawo mata damuwarsu a ƙauye, kuma ita ma ba za ta sami mai koya mata ba. Duk lokacin da kuka sami hutu ka dawo gida, ka roƙi fastonku ya ba ka dama ka maimaita da Hausa wa'azin da ka yi a makaranta, bayan an tashi kuma ka zauna da dattawan ikilisiya ka tambaye su abin da suka ji. Idan an ba ka ranar wa'azinka na farko, ka sanar da mu nassin domin mu riƙa yi maka addu'a.