Amsa ga 'yar'uwar da kazarta ta mutu

'Yar'uwa, na karanta tambayarki, inda kika ce kazar da kika raina tun tana 'yar tsako ta mutu ba zato bayan shekara 6, kina son sanin ko kukan da kike yi ya wuce kima, da kuma ko sakacinki ne ya jawo. Allah ya ba ki haƙuri, ya mayar miki da alheri.

Kukanki bai wuce kima ba, domin sabo ake yi wa kuka, kuma duk wanda ya daɗe yana kiwo ya san kaza tana gane muryar mai ita da takunsa. Na taɓa rasa wata ja wadda kullum ita ce ta farkon fitowa idan na buɗe akurki, ta tsaya a kan ƙafata tana karkata kai har sai na watsa tsaba. Bayan mutuwarta na daɗe ina ɗebo abinci har da rabonta ba tare da na lura ba. Masu cewa "ai kaza ce kawai" ba mugunta suke nufi ba, ba su taɓa zama da ita ba ne, don haka kada ki ɓata bakinki wajen yi musu bayani.

Batun zargin kai shi ne na fi so ki saurare ni a kansa. Kaza halitta ce da shaho da muzuru ke farauta, shi ya sa take ɓoye ciwo iyakar ƙarfinta, tana kiwo tana tono kamar lafiyarta ƙalau. Kafin zankonta ya koɗe, ko ta koma gefe ta takure da fukafukai a sake, sau da yawa ciwon ya riga ya ci jikinta. Ban da haka, kajin ƙwai na zamani suna iya saka ƙwai kusan 300 a shekara, alhali kakarsu ta daji da ke kudu maso gabashin Asiya 'yan kaɗan take sakawa. Wannan nauyi ne ke jawo musu maƙalewar ƙwai da kumburin ciki da ƙari a mahaifa, waɗanda ko likitan dabbobi ba koyaushe yake iya ceto su ba. Yawancin kajin gida tsakanin shekara 5 zuwa 8 suke yi, saboda haka wadda ta kai 6 a hannunki ta samu kulawa.

Yanzu ki sa ido a kan sauran. Za ki ga sun ɗan rikice suna saran juna, domin kowace tana neman sabon matsayi, kuma wannan yakan lafa da kansa. Amma idan wata ta sake mutuwa cikin 'yan kwanaki, ko kika ga koren zawo, ko kumburin fuska, ko murɗewar wuya, to ki kira likitan dabbobi nan take, saboda suna iya zama alamun cutar Newcastle ko murar tsuntsaye, wato cututtukan kaji masu saurin yaɗuwa. Gawar kuma ki ɗauke ta da safar hannu, ki binne ta da zurfi yadda kare ba zai tono ba.

Game da sayo wata, ban ga dalilin gaggawa ba, sai dai idan guda ɗaya ce ta rage miki, domin kaza ba ta jure kaɗaici. Idan kin kawo sabuwa, ki ware ta kamar kwana 30 kafin ki haɗa su, kuma ki fara ajiye ta inda za su riƙa ganin juna ta cikin raga ba tare da sun taɓa juna ba.